Rago Na Da Takarda, Matar Makiyayi Ba Ta Cikin Lissafi

Duk wanda ya taɓa sayen raguna a kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke yammacin Umdurman da niyyar kai su Saudiyya ya san irin ɗawainiyar da ake sha kafin rago ya hau jirgin ruwa. Sai an yi masa allura, an killace shi a Kadaru ko a Sawakin, likitan dabbobi ya duba shi, an rubuta adadinsa, an buga hatimi. In tunkiya ta yi ɓari a cikin garken da za a fitar, kafin rana ta faɗi magana ta kai ofis, domin kuwa akwai kuɗin ƙasashen waje a cikin al'amarin. To, mu tambaya a nan ita ce: matar da ta yi renon wannan rago tun yana ɗan tunkiya, ta ɗebo masa ruwa, ta share masa garke, in ita ta yi ɓari, wane ofishi ne yake ji? A wane littafi ake rubutawa?

Amsar kowa ya san ta. Ba a rubutawa a ko'ina. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a zamanin nan abin da ba ya cikin littafi ba ya cikin kasafin kuɗi. Masu binciken lafiya na duniya da alƙaluma suke aiki. Da alƙaluman ne ake yanke shawarar inda za a gina asibiti, da irin maganin da za a sayo, da yawan abin da za a ba majinyaci, da cutar da za a kashe wa kuɗi. In alƙaluman na maza ne, to maganin da zai fito na maza ne, sai a miƙa wa mace a ce ta sha, Allah Ya sawwaƙe.

Mu ɗauki Kasuwar Libiya, wadda take a Umbadda, yammacin Umdurman. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, daga nan ne kaya ke tashi zuwa Kurdufan da Darfur har Cadi, nan ne kuma falke ke sauka ya sayi atamfa da sukari da takalma bayan ya sayar da shanunsa. Wa ke dafa wa wannan taro shayi? Wa ke gasa nama a kasuwar Kandahar da ke kusa? Wa ke kawo nono da man shanu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli? Mata ne, da yawansu kuwa 'ya'yan makiyaya ne da 'yan gudun hijira, har da Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka zo ƙasar nan a kan hanyar Makka. Suna wuni a gaban garwashi suna shaƙar hayaƙi, wata da ciki, wata da goyo. Shekara da shekaru hukuma ta san da zamansu sarai in za a yi kamen da ake kira kasha, a kwashe kujeru da butoci a ƙarƙashin dokar tsarin jama'a, wadda sai a watan Nuwamba 2019 aka soke ta. Sai da Awadiya Mahmud Koko da abokan sana'arta suka kafa ƙungiyar masu shayi da abinci a 1990 kafin a fara jin muryarsu. Ashe dai ana iya gano mace in tara za a ci ta. Ranar da za a ƙidaya masu ciwo ne take ɓacewa.

Kada wani ya ce surutu ne kawai muke yi. Ga hujjoji daga cikin ƙasar Sudan ɗin nan, kuma duk cututtukan da za mu ambata na makiyaya ne.

Na farko shi ne ciwon da mutanen Sudan ke kira nabit, likitoci kuma ke kira madura ko maisetoma. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa, takan shiga jiki ta inda ƙaya ta soki mutum, ƙafa ta kumbura sannu a hankali ba tare da zafi sosai ba, ta riƙa fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, in an yi sakaci ta ci ƙashi har a kai ga yanke ƙafar. Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan ciwo a asibitin Soba na Jami'ar Hartum a 1991, kuma aikin cibiyar na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Cikin majinyata 6,792 da cibiyar ta gani daga 1991 zuwa 2014, kashi 76 cikin 100 maza ne. Littattafan likitanci sun daɗe suna cewa ciwon maza ne, wai don su ne ke noma da kiwo.

To amma da masu bincike suka bar Hartum suka bi gida-gida a ƙauyuka 60 na gabashin Sinnar, jihar da garin Maiwurno yake, suka duba mutum fiye da 41,000, sai rahoton da suka fitar a 2021 ya nuna cewa ciwon yana kama mata kamar yadda yake kama maza, har ma na matan ya ɗan ɗara. Ina matan nan suke duk tsawon shekarun da ake rubuta cewa ciwon maza ne? Suna gida. Namiji in ƙafarsa ta kumbura sai a sayar da maraƙi a sa shi a mota zuwa Soba. Mace kuwa sai ta ɗaure ƙafar da tsumma ta ci gaba da daka, don ba ta da kuɗin mota, ba ta da wanda zai raka ta, tana kuma tsoron a ce ta nakasa a yi mata kishiya ko a fasa auren 'yarta. Littafin asibiti bai ƙidaya masu ciwo ba, ya ƙidaya waɗanda suka iya biyan kuɗin mota ne. Mu da muka san wa ke shiga daji ba takalmi ya yo itace, wa ke gyara shingen ƙaya, wa ke kwashe kashin shanu, ba mu buƙaci wani farfesa ya gaya mana cewa ƙaya ba ta tambayar jinsi ba.

Na biyu shi ne zazzaɓin Rif Bali, wanda kowane falke ya san sunansa saboda asarar da ya jawo mana. An gano shi a Kenya tun wajen 1930, kuma babbar alamarsa tun ranar farko ita ce tumaki su yi ta ɓari babu ƙaƙƙautawa. Ya ɓarke a Sudan a 2007 a jihohin Farin Nilu da Jazira da Sinnar, ya kashe mutum fiye da 200. Ya sake ɓullowa a 2019, Saudiyya ta rufe ƙofarta ga dabbobin Sudan a watan Oktoba na shekarar, farashi ya faɗi warwas. Duk wannan an rubuta shi dalla-dalla. Amma tambayar da kowace tsohuwa a ruga za ta fara yi, wato in cutar tana zubar da cikin tunkiya me take yi wa mace mai juna biyu, sai a 2016 aka samu amsa mai ƙarfi a kanta. A wani bincike da aka yi a asibitin Bur Sudan a kan mata 130 masu ciki da suka zo da zazzaɓi, an sami 28 da wannan cuta, 15 daga cikinsu suka yi ɓari, wato fiye da rabi. Cikin sauran 102 da ba su da ita, 12 ne kawai suka yi ɓari. Ku lissafa da kanku: fiye da shekara 80 tsakanin ƙidayar ɓarin tunkiya da ƙidayar ɓarin 'ya mace. Alhali kuwa mace ce ke tatsa, ita ke gyara nama, sau da yawa ita ke ɗauke ɗan tunkiyar da ya faɗo da mabiyiyarsa da hannunta, waɗannan kuwa su ne manyan hanyoyin kamuwa.

Haka zancen yake game da bakkale, wanda in ya kama mutum ake kiransa maltiya a nan Sudan. Ana ɗaukarsa ta ɗanyen nono da taɓa abin da dabba ta zubar. In an tashi auna yaɗuwarsa a jikin mutane, sau da yawa mahauta ake nema da ma'aikatan mayanka da likitocin dabbobi, don su ne ake samu a wuri guda cikin sauƙi, kusan dukkansu kuwa maza ne. Mai ƙwaryar nono tana can mashekari, tafiyar yini daga titi.

Na uku shi ne kala-azar, ciwon da ke kumbura saifa ya rame mutum har ya kashe shi, wanda ya yi katutu a jihar Gadarif, a dazukan dushe da aduwa inda Hausawa da yawa suke noma, makiyaya kuma suke ratsawa. Tsohuwar allurar da aka daɗe ana yi wa masu wannan ciwo an yi ta yi wa mata masu ciki ba tare da an san abin da take haifarwa ba. Sai a 2006 likitocin ƙungiyar MSF suka fitar da abin da suka gani a asibitinsu na Ummul Khair: cikin mata 23 masu ciki da aka yi wa tsohuwar allurar ita kaɗai, 13 sun yi ɓari, waɗanda aka ba sabon maganin AmBisome kuwa ko ɗaya ba ta yi ba. Mata 39 kacal aka duba a wannan rahoto. Da wani ya damu ya riƙa rubuta abin da ke faruwa da masu ciki tun farko, ciki nawa za a tsirar?

Ko zazzaɓin cizon sauro, wanda ba gidan da bai shiga ba, haka aka yi. Tun farkon shekarun 2000 duniya ta koma sabon magani mai sinadarin atemisinin, wanda ake sha kwana 3. Amma mace mai ƙaramin ciki, a watanni 3 na farko, sai aka bar ta da kwinin na kwana 7, mai ɗaci, mai sa jiri da ƙarar kunne, wanda da yawa ba sa iya ƙarasawa. Dalili kuwa shi ne babu alƙaluma, domin an cire masu ciki daga gwaje-gwajen. Sai a watan Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba su sabon maganin, bayan an tattara bayanan matan da suka sha shi ba tare da sun san suna da ciki ba. Kusan shekara 20 ke nan mata suna jira.

Wannan ɗabi'a ba a Sudan aka ƙirƙiro ta ba, daga manyan ƙasashe ta gangaro. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Turai da wasu ƙasashe, mata masu laulayi suka sha, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Maimakon a ɗauki darasin cewa dole a riƙa bincike da kyau a kan jikin mace, sai hukumar magunguna ta Amurka ta ba da umurni a 1977 cewa a cire duk macen da za ta iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani. Sai a 1993 aka yi dokar da ta tilasta sanya mata a binciken da gwamnatin Amurka ke biya. A tsakanin nan an yi babban gwajin asfirin a kan likitoci 22,071, dukkansu maza, aka sanar a 1989 cewa yana rage bugun zuciya ƙwarai. Da aka maimaita gwajin a kan mata 39,876, sakamakon 2005 ya nuna cewa a jikinsu shanyewar ɓarin jiki ya rage, bugun zuciya kuwa bai ragu yadda ya ragu a maza ba. A 2001 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya gano cewa cikin magunguna 10 da aka janye daga kasuwa tun 1997, guda 8 sun fi yi wa mata illa. A 2013 aka rage wa mata rabin adadin wani maganin barci mai suna zolfidem, bayan shekara 20 ana ba su daidai da maza. In haka ta faru da matar Bature mai asibiti a bakin ƙofa, mai lauya, mai jarida, ina ga matar da ke bin shanu tsakanin Nuhud da Umdurman?

A nan ne tamu matsalar ta ninka. Ita matar birni an manta da ita sau ɗaya, don tana mace. Matar makiyayi sau biyu aka manta da ita, don tana mace, kuma don ba ta da adireshi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Sudan ita ce ta 2008, tun kafin Kudu ta ɓalle a 2011, ta ce makiyaya masu yawo sun kai wajen kashi 7 cikin 100 na jama'a. Manyan binciken lafiya na ƙasa, irin na 2006 da 2010 da 2014, gida-gida ake yin su, ana zaɓar gidajen daga jerin ƙauyuka da unguwanni. Wanda gidansa ke bisa bayan sa ko raƙumi, yau yana nan gobe ya tashi, da wuya ya faɗo cikin irin wannan jeri. Wani masani ɗan Ingila, Roy Carr-Hill, ya ƙiyasta a 2013 cewa irin wannan bincike yana tsallake mutum wajen miliyan 250 a duniya, makiyaya na daga cikin manyansu. Saboda haka in kun ji an ce binciken 2010 ya nuna mata 216 ne ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Sudan, ku tambaya: da matanmu a ciki, ko ban da su? Wadda naƙuda ta kama a kan burtali, ta zubar da jini har rai ya yi halinsa, aka binne ta a gindin aduwa, ayari ya wuce, wa ya kai labarinta Hartum? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta faɗa a rahotonta na 2020 cewa a nahiyar Afirka mutuwa 1 cikin 10 kaɗai ake yi wa rajista.

Sai kuma yaƙi ya zo ya yayyaga ɗan littafin da ake da shi. Dakarun RSF, waɗanda ake kira Da'am Sari, sun riƙe yankin Kasuwar Libiya kusan shekara 2, har sojojin gwamnati suka karɓe ta a ƙarshen watan Maris 2025. Asibitin haihuwa na Dayat a Umdurman, mafi girma a ƙasar, a garin da aka buɗe makarantar ungozoma tun 1921, ya rufe a 2023 saboda faɗa. Aikin cibiyar nabit ta Soba ya tsaya a shekarar. Masu bincike na wata makarantar kiwon lafiya ta Landan sun ƙiyasta cewa mutum fiye da 61,000 suka rasu a jihar Hartum kaɗai daga Afrilu 2023 zuwa Yuni 2024, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ba a rubuta mutuwarsu a ko'ina ba. A Kudancin Darfur, MSF ta ƙidaya mata 46 da suka mutu wajen haihuwa a asibitoci 2 kacal, na Niyala da na Kas, daga Janairu zuwa Agusta 2024. Waɗannan su ne suka iso asibiti. In aka tashi sake gina asibitocin ƙasar nan da alƙaluman da ke hannu, to za a sake gina su ne a kan tsohon kuskure.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai ana cire masu ciki daga gwaji ne don a kāre su da abin da ke cikinsu. Wannan magana tana da fuska, ba wanda ke son a mai da 'yarsa abin gwaji. Amma mai ciki ba ta daina rashin lafiya don an cire ta daga bincike. Za ta kamu da zazzaɓi, za ta je wurin mai magani, za a ba ta wani abu. Bambancin kawai shi ne a cikin bincike akwai likita a kanta, ana rubuta abin da ya faru, wasu su amfana. A wajen bincike kuwa ita kaɗai ce da tsautsayinta. A lokacin cutar Ebola a Kwango a 2018 an hana masu ciki allurar rigakafi da wannan hujja, alhali cutar tana kashe su da 'ya'yansu, sai a 2019 aka janye hanin. Kāriyar da ke barin mutum a bakin kura, wace irin kāriya ce?

Za a kuma ce makiyaya ba su samuwa, bin su da tsada. Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu haushi. Mai karɓar harajin garke, wanda a ƙasar Hausa ake kira jangali, bai taɓa cewa ya kasa samunmu ba. Masu allurar bushiya sun bi mu har ƙuryar daji shekara da shekaru, har aka sanar a 2011 cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa. Wanda ya iya samun saniya ya iya samun mai tatsarta. An ma gwada an gani a maƙwabciyarmu Cadi. A wajen shekarar 2000 masu bincike na Cadi da na ƙasar Suwizalan suka duba rugagen Fulani da Larabawa a Shari-Bagirmi da Kanem, suka tarar shanu na da allura, amma ba yaro ko ɗaya da ya kammala rigakafinsa. Sai aka haɗa likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya a mota guda. Daga 2000 zuwa 2005 aka yi wa dabbobi kusan 150,000 allura, yara fiye da 4,600 suka kammala rigakafi, mata fiye da 7,000 suka sami allurar sandarewar jiki, kuɗin aikin ma ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100. A Habasha kuma, a wani aiki da aka wallafa a 2019, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam aka gano masaukan makiyayan Nyangatom, aka je aka tambayi matansu baki da baki. Hanya tana nan, niyya ce babu.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu maza makiyaya da fatake muna da namu kason a cikin wannan laifi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ma'aikacin ƙidaya ya zo ruga, wa ke fita ya tarye shi? Maigida. In an tambayi lafiyar iyali, me yake cewa? Lafiya lau. Shi bai san sau nawa matarsa ta yi ɓari ba, ko ya sani ba zai faɗa wa baƙo ba. Ita kuma kunya ta hana ta ambaton ciki, ta hana ta ambaton ɗan fari, balle wanda ya koma. Tsoron haraji ya koya mana rage adadin shanu, sai muka zarce da rage adadin mutane. Waɗansunmu kuma, saboda wahalar da iyaye suka sha a kan takardar jinsiyya, duk mai riƙe da biro abin gudu ne a wurinsu. Muna da dalilanmu, amma sakamakon guda ne: mun taya gwamnati share matanmu daga littafi. Falken da ya san haƙoran kowane sa a garkensa, ya san wadda ta yi ɓari bara da wadda ta ƙi ɗaukar ciki, bai kamata ya kasa sanin watan cikin uwar 'ya'yansa ba. Kunya ado ce, amma ba a yi ta don ta kai mutum kabari ba.

Don haka ga abin da muke kira a yi.

Da farko, ga ma'aikatar lafiya ta tarayya da ta jihohi, da hukumar ƙididdiga: duk ƙidaya ko binciken lafiya da za a yi nan gaba a ware wa makiyaya nasu kaso tun daga tsarin aiki, a bi su a mashaya da kasuwanni da burtali a lokacin da aka san suna wurin, a kuma fitar da alƙalumansu daban, na maza daban, na mata daban. Rahoton da ya ce mutum kaza suka kamu, bai faɗi mata nawa ba, masu ciki nawa ba, rabin rahoto ne.

Na biyu, a ɗauki mata aikin tambayar mata, waɗanda ke jin Hausa da Fulfulde da Larabcin Baggara, a yi tambayar a inda maigida da suruka ba sa ji. A koya wa ungozomomin ruga yadda za su riƙe lissafin haihuwa da ɓari da mutuwa, ko da da zane ne ko da wayar hannu, a kuma biya su ladan aikinsu.

Na uku, duk motar allurar dabbobi da za ta fita daji ta fita da ma'aikaciyar lafiya. Duk inda aka ji tumaki na ɓari, a ranar da za a ɗebi jinin dabba a duba masu cikin da ke wannan ruga. A manyan wuraren da jama'armu ke taruwa, irin Kasuwar Libiya da Muwailih, a buɗe ɗakin duba mata, mai littafi, wanda ba ruwansa da haraji ko tambayar takardar zama.

Na huɗu, ga jami'o'i da ƙungiyoyin waje masu kawo kuɗin bincike: kada ku ƙara rubuta cewa ciwo kaza na maza ne alhali a ƙofar asibiti kuka tsaya. Ku faɗi wanda kuka ƙidaya da wanda kuka bari. In kun gama, ku dawo ku gaya wa mutanen da kuka ɗebi jininsu abin da kuka gani, da harshen da suke ji.

Na ƙarshe kuma namu ne, ardo-ardo da umdodi da sarakunan kasuwa da dillalai da kowane maigida. In masu binciken lafiya sun zo, a bar mata su yi magana da bakinsu. In ƙafar mace ta fara kumbura bayan sukar ƙaya, a kai ta asibiti tun ƙullutun yana ƙarami, kamar yadda za a kai namiji. In dabbobi sun fara ɓari, a nisanta mai ciki daga garke, kada ta taɓa abin da ya faɗo, a binne shi da zurfi, a tafasa nono kafin a sha. In mace ta rasu wajen haihuwa, a kai labari wurin ardo da asibiti mafi kusa, a faɗi sunanta da shekarunta da yadda abin ya faru. Wannan ba tonon asiri ba ne, hakki ne na wadda ta tafi, kuma kāriya ce ga ƙanwarta da 'yarta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, mai gyara zai wuce ya gyara na maƙwabci. Kowane shugaban reshe ya karanta wannan a taron wata, a kuma karanta wa iyaye mata a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, amin.